TARIHIN TASHAR ABERGYNOLWYN DA LAYIN DOGON TALYLLYN

Shimfiɗa

A yammacin tsibirin Birtaniya akwai ƙasar da ake kira Wales, ƙasa mai duwatsu da tumaki da yawan ruwan sama, wadda mutanenta suke da harshensu na kansu dabam da Ingilishi. A cikin wani kwari na wannan ƙasa, kudu maso yamma da dutsen Cadair Idris, akwai ƙauye mai suna Abergynolwyn. Ma'anar sunan dutsen a harshensu ita ce Kujerar Idris, sai dai wannan Idris wani ƙato ne na cikin tatsuniyoyinsu, bai haɗa komai da sunan da Hausawa suka sani ba. A gefen tudu, sama da ƙauyen da tazarar da ba ta cika kilomita guda ba, akwai ƴar tashar jirgin ƙasa wadda aka buɗe wa fasinja a watan Disamba na shekara ta 1866, kuma har yau jirage masu aiki da tururi suna tsayawa a cikinta.

Tashar tana kan layin dogon Talyllyn, wanda ya taso daga garin Tywyn na bakin teku, tsawonsa duka bai kai kilomita 12 ba. Duk da ƙanƙantarsa, shi ne layin dogo na farko a duniya da ƴan sa-kai suka karɓa daga hannun masu shi, suka ci gaba da tafiyar da shi don kada ya mutu. Tashar ta ga zamani uku: na gidan McConnel waɗanda suka kafa ta, da na marigayi Sir Henry Haydn Jones wanda ya riƙe ta shekara kusan 40, da na ƙungiyar da take hannunta tun shekara ta 1951.

Asalin kafuwar tashar

Abin da ya kawo jirgi wannan kwari shi ne dutsen allo. Dutse ne mai launin toka-toka, wanda yake tsagewa fale-fale idan gwani ya sa masa ƙarfe. Da shi Turawa suke rufe gidajensu kamar yadda ake rufi da kwano, kuma da irinsa ake yin allon rubutun ƴan makaranta a zamanin da. A cikin shekarun 1840 aka fara haƙar wannan dutse a wani wuri da ake kira Bryn Eglwys, can bisa tsaunin da ke kudu da ƙauyen. Dutsen yana da kyau, amma fitar da shi ita ce wahala. Sai an ɗora wa dawaki sun tsallake tsauni da shi zuwa bakin kogin Dyfi, a zuba a kwale-kwale zuwa tashar ruwa ta Aberdyfi, sa'an nan a sake loda shi cikin manyan jiragen ruwa. Kuɗin dako ya cinye riba, kafin shekara ta 1860 aikin ya tsaya.

Daga nesa sababin farfaɗowarsa ya zo. A shekara ta 1861 yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka, audugar da take zuwa masana'antun kaɗi na birnin Manchesta ta yanke. Wani attajiri daga cikin manyan masu waɗannan masana'antu, William McConnel, ya ga cewa dukiyar da ta dogara ga auduga kaɗai tana cikin haɗari, sai ya nemi wata hanyar zuba jari. A watan Janairu na 1864 shi da abokansa suka kafa kamfani, suka karɓi hayar mahaƙar Bryn Eglwys, suka gina wa ma'aikata layukan gidaje a Abergynolwyn, wanda kafin nan ƴan gidaje ne kawai a warwatse. Da yake babban layin dogo ya riga ya iso Tywyn a 1863, sai suka yanke shawarar shimfiɗa ƙaramin dogo daga mahaƙar zuwa can. Injiniya James Swinton Spooner ne ya auna hanyar, Majalisar Dokoki ta Landan kuma ta ba da izini a 1865. Faɗin da ke tsakanin ƙarafan dogon santimita 68 ne da ɗoriya, alhali na dogon da ya iso Kano a 1911 ya haura santimita 106. Mai karatu na iya ƙiyasta ƙanƙantar jirgin da zai bi irin wannan hanya.

Kafin a yarda a ɗauki fasinja, gwamnati ta aiko mai bincikenta, Kyaftin Henry Tyler, a cikin 1866. Ya tarar gadojin da suka ratsa bisa dogon an gina su a matse ƙwarai, har idan mutum ya buɗe ƙofa ko ya leƙo da kai, bango na iya buge shi. Rushe gadoji a sake ginawa kuɗi ne mai yawa. McConnel ya kawo dabara: a gusar da dogon zuwa gefe guda a ƙarƙashin kowace gada, a toshe ƙofofin taragu na wannan gefen har abada, a bar mutane su shiga su fita ta gefe ɗaya kawai. Tyler ya amince. Dalilin da ya sa ke nan dandamalin Abergynolwyn da na sauran tashoshin layin duka suke gefen arewa.

Tasha a zamanin gidan McConnel

Ginin farko na tashar ɗan ɗakin katako ne, kuma nan ne iyakar tafiyar fasinja. Dogon kansa bai tsaya nan ba, ya ci gaba da tafiyar kilomita guda da ƴan mitoci zuwa gindin tsauni, inda kan jirgi ba ya iya hawa. Daga nan sai igiya. Akan ɗaure taragu masu kaya a sama, a ɗaure waɗanda ba kowa ciki a ƙasa, nauyin masu saukowa ya jawo marasa kaya zuwa sama, wani ma'aikaci yana riƙe da birki a wajen babban gangan da igiyar take naɗewa a jikinsa.

Shi ma ƙauyen ta irin wannan hanya yake samun kayan masarufinsa, tunda yana can ƙasa cikin kwari, tashar kuwa tana bisa tudu. An yi gangara ta musamman wadda ake zura taragu da igiya har tsakiyar gari, inda ƙananan dogo suka bi ta bayan gidaje. Kwal na girki da jin ɗumi, da kayan gini, da kayan kanti, duka ta nan suke sauka. Abin da ake kwashewa daga masan gidaje kuma ta nan yake hawa, a kai shi a zubar a gefen hanya nesa da gari. Wato dai a wancan zamani babu abin da yake shiga Abergynolwyn ko ya fita, mai daɗi da marar daɗi, sai da sanin jirgi.

Kawunan jirgi biyu kamfanin ya saya daga wajen maƙeran Fletcher Jennings na garin Whitehaven: na farko mai suna Talyllyn, ƙirar 1864, na biyu mai suna Dolgoch, ƙirar 1866. Aka haɗa musu da taragun fasinja huɗu da taragon mai tsaro guda, wanda daga baya aka yi masa ƴar taga ta sayar da tikiti. Da farko a wani wuri da ake kira Ty Dwr, sama kaɗan da tashar, kan jirgi yake kwana ya sha ruwan rafi, kafin a gama ginin wurin gyara na Pendre a Tywyn a 1867. Kowace Litinin da asuba akwai jirgin ma'aikata, wanda yake kawo masu haƙar dutse da suke zaune a ƙauyukan ƙasa. Su sauka a Abergynolwyn su hau tsauni da ƙafa, da guzurin mako a kafaɗa.

Wajen shekara ta 1880 mahaƙar tana da ma'aikata 300, tana fitar da tan 8,000 na gyararren dutse a shekara. Wannan shi ne ƙololuwar arzikinta, kuma ko a lokacin ribar ba ta taɓa kai abin da aka zuba ba. William McConnel ya rasu a 1902, ɗansa ya gaje shi. Da wa'adin haya ya zo ƙarewa a 1910, ɗan bai ga abin da zai sa ya sabunta ba. Aka sallami ma'aikata, aka fara kwance injuna.

Zamanin Sir Henry Haydn Jones

Henry Haydn Jones ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan ƙarfe a Tywyn, an haife shi a 1863. A shekara ta 1910 aka zaɓe shi ɗan majalisar dokoki mai wakiltar yankin Merioneth, kujerar da ya riƙe har 1945. Ya san cewa idan mahaƙar ta rufe, Abergynolwyn ya tashi, domin babu wata sana'ar da za ta ci da mutanensa. Ya nemi mai saye bai samu ba, sai ya saya da kuɗinsa a kan fam 5,000 da ɗoriya, mahaƙa da dogo da gidajen ƙauye gaba ɗaya. A watan Janairu na 1911 ma'aikata suka koma bakin aiki.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya biyu game da shi. Ta farko, ya ceci gari. Ta biyu, ba shi da jarin buɗe sababbin ramuka, kuma mutum ne mai tsimin kuɗi ƙwarai. Ana haƙar dutsen allo ne a cikin manyan ɗakuna na ƙarƙashin ƙasa, ana barin ginshiƙan dutse a tsakaninsu don su tallafi rufin. Da dutsen da ke da sauƙin samu ya ƙare, sai aka koma sassaƙar waɗannan ginshiƙai, ana cin yau da abin da ke riƙe da gobe. Ma'aikata sun sani, shi ma ya sani, amma albashin mako yana fita.

A gefen jirgi kuma, babu sabon kan jirgi, babu sabon tarago, babu sabon dogo. Abin da ya ƙaru shi ne baƙi masu yawon buɗe ido a watannin zafi. Sukan sauka a Abergynolwyn su hau keken doki, daga baya mota, zuwa tafkin Tal-y-llyn mai nisan kimanin kilomita 5, wanda layin yake ɗauke da sunansa amma bai taɓa isa bakinsa ba. Akwai wata al'ada ta wancan lokaci da ba za a yarda da ita yau ba. Iyali kan yi hayar taragon dutse guda, jirgi ya jawo shi ya bar musu a tasha. Idan sun gama yawonsu da maraice, bayan jirgin ƙarshe ya wuce, sai su shiga su saki birki, gangara ta kai su har Tywyn ba tare da inji ba. A farkon shekarun 1930 aka hana. A ƙarshen waɗannan shekaru kuma, da ɗakin katakon tashar ya ruɓe, aka gina wani ƙarami da dutsen mahaƙar a madadinsa. A 1937 Sarkin Ingila ya ba Haydn Jones lambar girma ta Sir.

Ran 26 ga Disamba 1946, washegarin Kirsimeti, ginshiƙan da aka daɗe ana sassaƙa suka gaza, rufin mahaƙar ya rufta. Aikin haƙa ya ƙare ke nan. Bisa lissafin kasuwa, ranar ya kamata a rufe tashar a sayar da ƙarafan. Amma Sir Haydn ya riga ya faɗa cewa muddin yana da rai jirgi ba zai daina tafiya ba, kuma alkawari kaya ne. Ya ci gaba da cike giɓin daga aljihunsa, jirgi yana fita kwana biyu ko uku a mako a watannin zafi. Tun 1945 kan jirgi na farko ya kwanta, saura Dolgoch shi kaɗai, ma'aikata suna ce masa Tsohuwa. Katakan da aka shimfiɗa dogon a kansu sun ruɓe, a wurare da yawa ciyawa da ƙasa ne kawai suke riƙe da ƙarafan.

A farkon 1948 gwamnatin Birtaniya ta mayar da kusan dukkan layukan dogo na ƙasar mallakarta. Ba a sa Talyllyn a cikin lissafi ba, masana tarihi da yawa kuma suna ganin mantawa aka yi da shi. Wannan mantuwa ta zame masa alheri. Maƙwabcinsa, layin Corris, mai faɗin dogo iri ɗaya, ya shiga hannun gwamnati, kafin shekarar ta ƙare aka rufe shi. Haka nan talaucin ma ya yi nasa amfanin: layukan da suke da kuɗi sun sayar da tsofaffin kayansu ga maƙera sun sayi sababbi, Talyllyn kuwa bai taɓa samun halin zubar da komai ba. Kawunan jirgi biyu da taragu biyar na zamanin McConnel duka suna nan sa'ad da Sir Haydn ya rasu ran 2 ga Yuli 1950. Uwargidansa ta bar jirgi ya ƙarasa tafiyar wannan shekara har watan Oktoba.

Zamanin ƙungiyar ƴan sa-kai

Wani injiniya kuma marubuci, Tom Rolt, ya ziyarci layin a 1949 ya ga halin da yake ciki. Ran 11 ga Oktoba 1950 shi da abokansa suka kira taro a wani otal a birnin Bamingham, mutum wajen 70 suka halarta, aka kafa ƙungiyar adana layin Talyllyn. Shawararsu ba a taɓa jin irinta ba: mutanen da ba ma'aikatan jirgi ba, malaman makaranta da akawuna da masu kanti, su biya kuɗin ƙungiya kowace shekara, su kuma zo lokacin hutunsu su yi aikin gayya ba lada. Uwargidan marigayi ta miƙa musu layin a watan Fabrairu na 1951. Wanda ya sauƙaƙa wannan miƙawa shi ne Edward Thomas, dattijon da ya fara aiki da kamfanin tun ƙarshen ƙarni na 19 a ƙarƙashin gidan McConnel, ya zama manaja kuma amintaccen Sir Haydn, sa'an nan ya zauna tare da sababbin masu riƙo. Ya yi wa zamunan uku hidima.

Ran 14 ga Mayu 1951 Dolgoch ya ja jirgin farko na ƙungiya, amma a tashar Rhydyronen ya tsaya. Sai ran 4 ga Yuni aka fara isa Abergynolwyn a kai a kai. Don a rage wa Tsohuwa nauyi, ƙungiyar ta sayo kawunan jirgi biyu da suka rage na layin Corris, ta raɗa wa ɗaya Sir Haydn, ɗaya Edward Thomas. Sir Haydn ɗin ya ba da wahala, domin ƙafafunsa sirara ne, dogon kuma ya buɗe saboda tsufa, sai ya riƙa faɗawa tsakanin ƙarafa. Dole aka ajiye shi har aka sake shimfiɗa hanya, aikin da sojojin sa-kai na Birtaniya suka taimaka a kansa a 1953 da 1954.

Daga cikin waɗanda suka zo gayya a 1952 akwai wani malamin coci, Wilbert Awdry, marubucin littattafan yara na jirgin nan mai suna Thomas. An ba shi aikin mai tsaron taragu, wanda yake busa usur ya ɗaga tuta jirgi ya tashi. Wata rana a Abergynolwyn ya busa usur, jirgi ya kama hanya, ashe matar da take sayar da shayi a tasha ba ta shigo ba tukuna. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi, matar surukar direba ce. Awdry ya mayar da wannan abin kunya labari a cikin littafinsa na 1955, ya kuma ƙago wani layin dogo mai suna Skarloey wanda jiragensa tagwayen na Talyllyn ne. Yaran da suka karanta sun girma sun kawo nasu ƴaƴan. Labarin ƙungiyar ne kuma ya haifar da fim ɗin barkwanci The Titfield Thunderbolt na 1953. Ran 22 ga Mayu 1957 gidan talabijin na BBC ya nuna tafiyar jirgin kai tsaye daga tashar Dolgoch zuwa Abergynolwyn, a shekarar fasinja suka haura 57,000. A 1973 an ƙirga tafiye-tafiye 186,000.

Wannan cunkoso ya zo da nasa farashin, kuma tashar ce ta biya. Ɗan ɗakin dutsen da aka gina a zamanin Sir Haydn ba ya ɗaukar jama'ar da take sauka daga jirgi guda. Ƙungiyar da aka kafa don adanawa ita ce ta rushe shi da hannunta, ta gina babba mai ɗakin shan shayi, aka buɗe a 1969. A 1968 kuma an rushe ɗakin gangan igiyar da take saukar da kaya zuwa ƙauye, saboda dogon ta cikinsa ya ratsa, taragun fasinja kuwa ba za su wuce ba. Hujjar ƙungiyar ita ce, layin da ba ya ɗaukar mutane ba ya samun kuɗin kwal, wanda ba ya samun kuɗin kwal kuma ya zama kango. Hujja ce mai ƙarfi, amma ɗakin gangan nan shi ne shaida mafi bayyana ta yadda jirgi ya ciyar da ƙauyen shekara 80, kuma da an yi haƙuri an kewaye shi da ya fi.

Manufar rushewar ita ce a kai fasinja har gindin tsauni, inda a da taragun dutse kaɗai suke zuwa. Ƴan gayya suka fara aikin a 1970, suna fasa dutse suna faɗaɗa kwana, har ran 22 ga Mayu 1976 aka buɗe sabuwar tashar Nant Gwernol. Wanda ya buɗe ta shi ne Wynford Vaughan-Thomas, ɗaya daga cikin ma'aikatan BBC da suka gabatar da shirin 1957. Bayan shekara 110 Abergynolwyn ya daina zama ƙarshen hanya. Aka tsawaita dandamalinsa zuwa kimanin mita 190 don ya ɗauki jirage biyu a lokaci guda.

Kafin nan misalin Talyllyn ya bazu. Layin Ffestiniog na arewacin Wales ya farfaɗo a 1955, na Bluebell a kudancin Ingila a 1960, na Vivarais a Faransa a 1969, kowanne da taimakon masu son jirgi da suka ba da lokacinsu. A watan Yuli na 2021 hukumar UNESCO ta sa yankin dutsen allo na arewa maso yammacin Wales cikin jerin kayan tarihi na duniya, ta ambaci mahaƙar Bryn Eglwys da ƙauyen Abergynolwyn da layin Talyllyn a matsayin kashi guda daga cikinsa.

Mahaƙar kanta yanzu itatuwan da hukumar gandun daji ta dasa sun rufe yawancinta. Mutanen ƙauyen da mota suke zuwa Tywyn, kayansu ma ta hanyar mota suke isowa, masu sauka a tashar kuwa baƙi ne. Jirgi yakan wuce zuwa Nant Gwernol, inda hanyar mota ba ta kai ba, ya juyo ya tsaya a Abergynolwyn gwargwadon shan shayi kafin ya gangara bakin teku. A wasu ranaku na musamman akan fito da Talyllyn ko Dolgoch a ɗaura masa taragun nan na asali, fasinja su shiga ta ƙofofin arewa, na kudu suna toshe kamar yadda McConnel da Kyaftin Tyler suka daidaita a 1866.